Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Duk wanda ya ce Bahaushe bai san yadda ake riƙe wanda aka yi wa rasuwa ba, to bai taɓa zama a gidan makoki ba. Tun kafin a dawo daga maƙabarta maƙwabta sun share ƙofar gida sun shimfiɗa tabarmi, mata sun cika tsakar gida, kwanukan abinci suna ta shigowa daga gidajen da ba a roƙa ba, har wanda ya shekara ba ya ga-maciji da mamacin sai ka gan shi ya zo ya durƙusa an shafa fatiha da shi. Mai zuwa ya ce, "Ashe Malam lokaci ya yi, ya ƙarin haƙuri?" a amsa masa da godiya, ya ƙara da "Allah ya jiƙansa, ya kyautata namu zuwan." Kwana uku cur ba a barin mai rashi ya kwana shi kaɗai, ba a kuma barinsa ya ɗora tukunya. Wannan al'ada tana da tushe a sunna, domin lokacin da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a dafa wa iyalansa abinci, saboda abin da ya same su ya isa ya shagaltar da su. Ba na jin akwai asibitin da zai iya ba mutum abin da unguwarsa ke ba shi a waɗannan kwanaki uku.

Giɓin yana bayyana ne ranar da aka naɗe tabarmin. Bayan addu'ar uku 'yan nesa su kama hanya, bayan ta bakwai 'yan kusa su koma harkokinsu, gidajen da ke yin sadakar arba'in su sake haɗuwa na yini guda, daga nan hankali ya karkata ga rabon gado. Ana sa ran kowa ya warware ke nan. Wanda aka ga hawayensa bai tsaya ba bayan wata shida, sai a soma yi masa nasiha da muryar da ta fi kama da faɗa, a ce sai ka ce a kansa aka fara mutuwa, ko a ce kukansa yana azabtar da mamaci, ko a ce imaninsa ne ya yi rauni. Ra'ayina shi ne, mafi yawan masu rashi ta'aziyyarmu ta ishe su, kuma zalunci ne a mayar da baƙin cikinsu cuta, amma akwai wani kaso da raunin ba ya warkewa da kansa, waɗanda ke bukatar zama da wanda ya koyi jinya ta hanyar tattaunawa, kamar yadda mai ciwon ajali ke bukatar wanda zai zauna kusa da shi ya saurare shi tun yana da sauran numfashi. Duka biyun mun yi musu riƙon sakainar kashi, muna kuma kiran hakan tawakkali.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa yawancin waɗanda aka yi wa rasuwa suna komawa rayuwarsu da taimakon dangi da addini da wucewar lokaci, kuma tura kowane mai makoki wurin masani ba ya ƙara masa wani abin kirki. Wani nazari da masana a jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak suka fitar a 2017, wanda ya tattara sakamakon bincike da dama, ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 na manyan da suka yi rashi ta hanyar ciwo ko tsufa ne baƙin cikin ke zame wa larura mai ɗorewa. Wani makamancinsa a 2020 ya duba waɗanda nasu suka mutu ta hanyar kisa ko haɗari ko wani bala'i, sai adadin ya haura zuwa kusan rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da wannan larura cikin kundin cututtukanta na 11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022, ta kuma gindaya sharuɗa: sai an wuce aƙalla wata 6, sai baƙin cikin ya zarce abin da al'ada da addinin mutum suka saba gani, sai kuma ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fi haka jinkirtawa, ta ce ga babba sai an shekara. Ke nan matar da ke cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, ko da tana kuka dare da rana, babu likitan kirki da zai ce ba ta da lafiya.

Waɗanda suka ƙetare wannan iyaka kuwa mun san su, a gidajenmu suke. Akwai uwar da shekara biyu bayan rasuwar ɗanta ba ta yarda a taɓa ɗakinsa ba, kuma duk sallamar da aka yi da magariba sai gabanta ya faɗi tana zaton shi ne. Akwai magidancin da ya daina bin titin da mota ta kaɗe matarsa, ya gwammace ya yi zagaye mai nisa, a hankali ya daina fita kasuwa gaba ɗaya, jarinsa ya narke. Irin waɗannan ba sa zuwa asibiti su ce baƙin ciki ke damunsu. Suna zuwa kemis ne da ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci da zafin ƙirji, a ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, a sake ba su na taifot, a ce gyambon ciki ne. Idan duk an sha ba a ga sauƙi ba, sai zance ya koma kan aljanu ko sammu, kuma sau da yawa a rataya wa kishiya ko dangin miji laifin da ba su ji ba ba su gani ba. Ba a rasa wanda zai kawo rubutu ko hayaƙi, abin da ake rasawa shi ne wanda zai ce, "Inna, ba ni labarin ranar da ya rasu," ya kuma zauna har ta gama.

Idan aka ɗora wancan adadi na kusan rabi a kan halin da yankinmu ya shiga tun daga 2009, lissafin yana da ban tsoro. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 rikicin arewa maso gabas ya yi sanadin mutuwar kusan mutum 350,000, idan aka haɗa da waɗanda yunwa da cuta suka kashe a dalilinsa. Sama da mutum 100 suka rasu a harin babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban 2014. Manoman shinkafa 43 aka binne rana ɗaya a Zabarmari a watan Nuwamban 2020. Fiye da mutum 150 suka ƙone a fashewar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, akasarinsu a kabari guda aka rufe su. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar uwa ko mata ko 'ya'ya, kuma da yawa ba su sami damar ganin fuskar mamacin ko yi masa wanka ba. Mafi tsanani su ne iyalan waɗanda suka ɓace. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa tana da sunayen sama da mutum 20,000 da iyalansu ke nema a Najeriya, fiye da rabinsu yara ne lokacin da suka ɓata. Waɗannan ba a shimfiɗa musu tabarmi ko na yini ɗaya ba, domin ba a yi wa rayayye ta'aziyya, ba kuma a san ko rayayye ba ne. Mazhabar Malikiyya ta yi wa matar ɓatacce tanadi, ta kai ƙara wurin alƙali, ta jira shekara 4, ta yi idda, sannan ta iya yin aure. Wannan ya warware matsalar shari'a, amma hukuncin alƙali ba ya hana uwa duba fuskokin fasinjoji a tasha.

Akwai kuma rashin da ba mu ɗauke shi rashi ba. Matar da ta haifi ɗa babu rai, ko jaririnta ya koma kafin suna, abin da take samu shi ne "Allah ya sa mai ceto ne, Allah ya kawo rayayye," kuma a wasu gidajen ba a ma nuna mata gawar. Idan abin ya maimaitu a ce tana wabi, ya zama lakabinta. Uwar da ɗan farinta ya rasu ana so ta yi kara ta haɗiye, namiji kuwa tun yana yaro an gaya masa ba ya kuka. Yara su ne aka fi mantawa, a ce musu Baba ya yi tafiya, su yi ta tsayuwa a zaure suna jiran tsaraba, har ranar da wani yaro a makarantar allo zai faɗa musu gaskiya cikin faɗa.

Babbar hujjar da ake kawowa a kan masu irin ra'ayina ita ce ta addini, kuma ban ɗauke ta da wasa ba. Ana cewa mumini yana da Alƙur'ani da salla da yarda da ƙaddara, me zai nema wurin wanda ya karanta littattafan Turawa? Amsata ita ce, addinin da ake kafa hujja da shi ya fi mu sakin fuska ga mai baƙin ciki. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi alkawarin haƙuri mai kyau, duk da haka Suratu Yusuf ta ba da labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, kuma da 'ya'yansa suka ce ba zai daina ambaton Yusuf ba har sai ya halaka, bai ce ya daina ba, cewa ya yi yana kai kukansa ne ga Allah. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye lokacin da ɗansa Ibrahim ke cikawa, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin abin da bai yardar da Ubangijinmu ba. Ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har na kusa da shi suka yi kuka. Shekaru bayan rasuwar Nana Khadija yana ambatonta, idan ya yanka akuya yana aika wa ƙawayenta nama. Malaman tarihi sun kira shekarar da ita da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Hadisin da ake tsoratar da mata da shi, cewa ana azabtar da mamaci saboda kukan iyalansa, Nana A'isha da kanta ta yi gyara a kan yadda aka fahimce shi, ta kafa hujja da ayar da ta ce wata rai ba ta ɗaukar laifin wata, malamai da yawa kuma sun fassara shi da kururuwa da yaga tufafi da marin fuska, ba hawaye ba.

Magabata ma ba su ga saɓani tsakanin imani da jinyar zuciya ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin Khurasan da ya rasu a shekarar 934 miladiyya, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashin masoyi, da wanda ke sauko wa mutum babu dalili, ya ce na farko ana magance shi da nasihar mai hikima da gyaran tunani, na biyu kuma yana bukatar maganin jiki. A nan gida, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda babu mai tuhumar iliminta ko tsoron Allahnta, ta rubuta marsiyya ga ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bayan rasuwarsa a 1837, ta rubuta wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta rubuta wa aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye kaɗaicin da ta shiga ba. Da wata malamar Islamiyya za ta yi irin haka a yau, ina tsoron za a ce ta kasa ɗaukar ƙaddara.

To mene ne masanin ke yi wanda maƙwabci ba zai iya ba? Hanyar da aka fi gwadawa ita ce wadda likita Katherine Shear da abokan aikinta suka tsara a Amurka, ta zama 16, kusan ɗaya a kowane mako. A gwajin da suka wallafa a 2005, kashi 51 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta wannan hanya sun sami sauƙi, a kan kashi 28 na waɗanda aka yi wa jinyar tattaunawa irin ta masu ciwon damuwa. Abin da ake yi ba sihiri ba ne. Ana sa mutum ya ba da labarin ranar mutuwar daki-daki, ya maimaita a zama na gaba, har ɗacin ya ragu ya iya tuna ranar ba tare da numfashinsa ya sarƙe ba. Ana taimaka masa ya koma wuraren da yake gudu, mataki-mataki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ana tono tunanin da ke cinsa a ɓoye, wanda kusan kullum "da na sani" ne: da na kai shi asibiti tun da safe, da ban aike shi kasuwa ranar ba. Sannan ana tambayarsa abin da yake so ya yi da sauran rayuwarsa, tambayar da mai makoki ke jin kamar cin amanar mamaci ce. Maƙwabci nagari yana jajantawa, amma da zarar an zo wurin da ke da zafi sai ya ce a bar zancen, a yi haƙuri, domin shi ma zuciyarsa ba ta ɗauka. Targaɗe yana warkewa da ruwan zafi da hutu, karaya kuwa sai mai ɗori, kuma mai ɗori ba ya sakin ƙafa don mai ita ya yi ihu.

Sai dai ba duk abin da aka tsara a Turai da Amurka ne zai zauna a Gusau ko Maraɗi ba, kuma masananmu da ke kwaso shi ɗungurungum suna ɓata wa sana'arsu suna. Zancen nan da ya cika intanet, cewa baƙin ciki yana da matakai 5 da ake bi a jere, daga musu zuwa fushi har zuwa sallamawa, ya samo asali ne a 1969 daga hira da majinyata masu jiran mutuwa a Chicago, ba daga masu makoki ba, kuma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa mutane suna bin wani jeri ba. A cikin hanyar Shear ma akwai zaman da ake sa mutum ya rufe ido ya yi hira da mamacin kamar yana gabansa. Dattijuwa a Katsina za ta ɗauki wannan wasa da hankali, ko ma abin da ya fi haka muni. Amma bukatar da ke ƙarƙashinsa, wato mutum ya faɗi abin da bai samu faɗa ba, muna da ƙofofinta: yi wa mamaci addu'a da sunansa, ziyartar kabari, yin sadaka ko haƙa rijiya a madadinsa, biya masa bashi, sada zumunci da abokansa. Masanin da bai san waɗannan ba, ko yake ganinsu ƙauyanci, ba zai ga majinyaci sau biyu ba.

Wani kaso na baƙin cikin da ke daɗewa tun kafin mutuwar ake shuka shi, a gefen gadon asibiti. Likita ya kira babban ɗa gefe ya ce, "Alhaji, mun yi iya ƙoƙarinmu, ku koma da shi gida a ci gaba da addu'a." Ɗan ya share ido ya koma ɗaki ya ce, "Baba, sun ce jiki da sauƙi, an sallame mu." Tsohon ya ce alhamdu lillahi, alhali shi ne ya fi kowa sanin abin da ke cikin jikinsa. Daga ranar kowa yana yi wa kowa kara, su ba sa so su karya masa zuciya, shi ba ya so ya tayar musu da hankali, sai ya ƙare kwanakinsa cikin jama'a amma shi kaɗai. Na san niyyar alheri ce, kuma gaskiya ne babu wanda ya san ranar wani sai Allah, likitan da ke yanke wa mutum kwanaki ya wuce gona da iri. Amma tsakanin "saura mako biyu" da "babu komai" akwai fili mai faɗi. Ana iya cewa ciwon ya yi nisa, magani ba ya kama shi, a tambayi majinyaci ko yana son ƙarin bayani, a bar shi ya zaɓa. Hadisi ya ce bai kamata Musulmi mai abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa a rubuce ba, wani kuma ya ce ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya. Mu kuwa sai an jera sahu za a sallaci gawa ake shelar cewa duk mai bin mamaci bashi ya ga wane, lokacin da wanda ya san gaskiyar lissafin ba ya iya magana. Mutumin da aka ɓoye wa halinsa an hana shi neman gafarar ɗan'uwan da suka yi shari'ar gona, an hana shi faɗa wa ƙaramar matarsa inda takardun gida suke, an hana shi tuba irin ta wanda ya san tafiya ta matso.

Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher's a Landan a 1967, ta fara aiki ne a matsayin nas, ta koma jami'ar walwala, sannan ta karanta likitanci, kuma abin da ta koya a gefen gadaje shi ne raɗaɗin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, yana haɗe da tsoro da damuwar iyali da tambayar da ke tsakaninsa da Ubangijinsa, kuma idan aka bar ɗaya sauran suna ƙaruwa. Amma da raɗaɗin jiki ta fara, kuma nan ne muka fi rauni. Wanda sankarar mama ko ta hanta ta ci ƙarfinsa, yana juyi yana nishi dare da rana, ba ya iya kalmar shahada da natsuwa, balle wasiyya. Maganin wannan raɗaɗi sananne ne kuma mai araha, wato mofin na ruwa da ake sha ta baki. Ƙasar Yuganda, wadda ba ta fi mu arziki ba, ta fara wannan aiki a 1993 ta hannun likita Anne Merriman, a 2004 kuma ta ba nas-nas da suka sami horo izinin rubuta shi, don ya isa ƙauyukan da babu likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 14 cikin 100 ne kawai na masu bukatar irin wannan kulawa a duniya ke samunta. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashenta a 2007. A arewa kuwa annobar shan kodin da tiramadol, wadda ta sa gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, ta sa iyalai da ma wasu ma'aikatan lafiya suna ɗari-ɗari da duk wani magani mai ƙarfi. Tsoron yana da dalili, amma tsohuwar da ciwon daji ya kwantar ba ita ce ke sayar da ƙwaya a bakin kasuwa ba, bai kamata ta biya bashin wasu da ihunta ba.

Malamin da ke zuwa gefen gado shi ma yana da abin koyo. Laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada sunna ce, amma malamai sun ce a yi a hankali, idan ya faɗa a ƙyale shi, kada a taru a kansa ana ɗaga murya har ya ƙosa. Kwana uku kafin wafatinsa Manzon Allah (SAW) ya ce kada ɗayanku ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Wannan na nufin gefen gadon mai ciwon ajali ba wurin wa'azin azabar kabari ba ne. Wani lokaci majinyaci zai ce yana tsoro, ko ya ce yana ganin Allah yana fushi da shi ne shi ya sa ya ɗora masa ciwon, amsar da ta dace ba "kul, kada ka sake faɗa" ba ce, a bar shi ya fitar da abin da ke ransa, sannan a tuna masa faɗin rahama. Haka abin yake ga fasto a gefen gadon Kirista a Zonkwa ko Wusasa.

Saura tambayar wa zai yi aikin. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200, kuma asibitocin da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano, a bakin jama'a sunansu gidan mahaukata, babu bazawarar da za ta yarda a gan ta a ƙofarsu saboda kewar mijinta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari a kanta a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ci gaba ce, amma doka ba ta zama a kan tabarma da kowa. Hanyar da nake gani tsohuwa ce. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya zaunar da majinyatansa a gidajen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya kore su. A Harare ta Zimbabuwe, daga 2006 likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa har zama 6, kuma gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Mu ma muna da irin waɗannan mutane, kuma tuni suna shiga gidajen mutuwa: limaman unguwa, malaman Islamiyyar matan aure, mata da maza masu wankan gawa, ungozoma, da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi. Abin da suka rasa shi ne horo na 'yan makonni a kan yadda ake saurare ba tare da gaggawar yin wa'azi ba, da al'adar komawa gidan rasuwa bayan wata uku da wata shida, lokacin da ƙafa ta ɗauke.

Sharaɗi biyu ne ba za a yi sassauci a kansu ba. Na farko rufin asiri, domin idan abin da mace ta faɗa wa malama ranar Talata ya zama zancen gidan biki ranar Asabar, ba za ta sake buɗe baki ba, maƙwabciyarta ma ba za ta fara ba. Na biyu, wanda aka horar ya san iyakarsa. Mai makokin da ya daina cin abinci, ko ya koma shan ƙwaya don ya yi barci, ko ya fara cewa gara ya bi mamacin, ya wuce hurumin liman da ungozoma, a ranar ya kamata wani daga danginsa ya raka shi wurin likita, a kuma ɗauke maganin ƙwari da na ɓera daga ɗakin da yake kwana.